Baƙon da Ya Shiga Rami

Ƙarfe biyar da kwata na safiyar Asabar lasifikar unguwa ta yi ɗan kakin nan da takan yi kafin ta faɗi abin da ba a so. Rohlua na tsugune a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi, jakarsa a kafaɗa. Mai shela ya faɗi sunan sau biyu, a hankali: Pu Thangliana ya rasu da asuba, yana da shekara saba'in da takwas. Pu ake ce wa babban mutum a nan don girmamawa, Pi kuma babbar mace. Ƙararrawar coci ta biyo baya, ɗaya bayan ɗaya.

A birnin Aizawl ko yaro ya san abin da ke biye da wannan. Wanda ya cika kafin tara na safe, a ranar ake binne shi. 'Yan gida ba sa taɓa diga. Samarin unguwa ne ke haƙa, 'yan mata su dafa shayi, a kwaso bencuna daga zauren unguwa a jera a gidan makoki, shugaban samari kuma ya tsaya a kan aikin. To shugaban samarin unguwar su Rohlua shi ne Dinsanga, ɗan marigayin na biyu, wanda yau shi ake zuwa yi wa gaisuwa. Aiki ya faɗo kan mataimakinsa ke nan. Mataimakin kuwa shi ne wannan da ke tsugune da igiyar takalmi a hannu, da tikitin motar Champhai ta ƙarfe shida a aljihu.

Shekara shida Rohlua ya yi yana bin wasu makaɗa da ake ce wa Ruahsur. Su huɗu ne, 'yan Champhai, can bakin iyaka. Ba su da kamfani, ba su da uban gida, ba su taɓa hawa wani dandali a Aizawl ba. Waƙoƙinsu tara ne kaf a duniya, kuma a rumbun shinkafar kawun mai ganga suka ɗauke su, har carar zakara ta shiga ta huɗu. Rohlua ɗan acaba ne, yini yake yana hawa da sauka a tsaunukan garin da abin ji ɗaya a kunne ƙarƙashin hular kwano, ya san daidai inda zakaran ke shigowa, har yakan rage gudu idan an zo wurin. Sau biyu ya yi niyyar zuwa ya gan su da idonsa. Na farko ƙasa ta zaftare ta toshe hanya, na biyu mahaifiyarsa ta kwanta asibiti. Yanzu kuma Zorini mai waƙar ta samu aikin otal can birnin Bengaluru mai nisa, mai gangar ya shiga soja. Wasan yau da ƙarfe uku, a saman wani shagon shayi, shi ne na ƙarshe.

Mahaifiyarsa ta fito daga ɗaki, har ta riga ta ɗaura zanen makoki.

"Ka ji?" ta ce.

"Na ji, Inna."

"To cire wannan takalmin ka sa na roba. Maƙabarta ta jiƙe."

Ya ci gaba da ɗaurin igiyar da ya riga ya ɗaure. Ta dubi jakar, ta dube shi.

"Ranar da ubanka ya mutu ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Wa ya fara shiga ramin?"

"Na sani, Inna."

"Ban ce ba ka sani ba. Tambayarka na yi."

"Pu Thangliana."

"Da furfurarsa. Ba wanda ya sa shi."

"Samari sun fi ɗari a unguwar nan," ya ce. "Rami kuma ɗaya ne."

"Haka ne. Dinsanga ma uba ɗaya gare shi."

Ta wuce ta ɗora tukunya. Matan nan namu ba sa jan hannun ƙato ɗan shekara talatin da huɗu, sukan faɗi tasu ne su bar shi da ita. Rohlua ya miƙe ya fita. Matakalar da ke sauka zuwa tasha ta gaban gidan Pu Thangliana take bi, don haka ya zaga ta bayan makaranta, ya ƙara wa kansa matakala ɗari da wani abu, yana jin takun samari suna hawowa ta ɗaya gefen.

Sai da mota ta bar gari ya rubuta wa Dinsanga saƙo. Ya ce goggonsa ta Champhai ce jiki ya yi tsanani, magani zai kai mata, kuma ya riga ya kama hanya kafin a yi shela. Goggon akwai ta, tana wani ƙauye kusa da Champhai, lafiyarta lau, kiwon aladenta take yi. Bayan sa'a guda amsa ta shigo: "Ba komai, ɗan'uwa. Allah ya ba ta lafiya." Da zagi aka turo masa da ya fi masa sauƙi. Ya kashe wayar ya cusa a ƙasan jaka.

Sa'a takwas ce tafiyar, mutum goma a mota, gwiwa na gugar gwiwa. Wata mata mai kwandon 'yan tsaki ta yi ta zagayawa da kuhva, ɗan ƙwallon nan da ake taunawa da ganye da farar ƙasa, kowa ya ɗauka bakinsa ya yi ja. Suka tsaya a hanya suka ci shinkafa da miyar ganye da ƙyafaffen nama. Wajen ƙarfe ɗaya, lokacin da ya san ana fito da akwati daga gida, Rohlua ya sa abin jinsa a kunne ya juya fuska ga taga. Ba wai bai ji komai a ransa ba. Ya ji, ya kuma yanke cewa sauran sai ranar Litinin zai ji shi.

Shagon shayin yana gangaren kasuwa, ana hawa samansa ta wani tsani na katako da ke kuka a ƙarƙashin mutum. A bakin ƙofar wani dogo mai tabarau yana yagar tikiti. Rohlua ya gane shi tun kafin ya ɗago kai: Tluanga ne, mai jita.

"Sunanka?"

"Rohlua. Daga Aizawl."

Tluanga ya sauke tabarau zuwa karan hanci. "Ba dai Rohlua mai acaba ba? Wanda ke rubuto mana sharhi mai tsawon wa'azin Ista?" Ya leƙa ciki. "Zorini, zo ki ga mutumin da ya san zakaran kawu."

Ta fito tana taunar citta, da gyale a wuya, mura ta kama ta. Gajeriya ce fiye da yadda ya zata, da irin fuskar da za ka wuce a kasuwa ba ka waiwaya ba.

"Tun daga Aizawl don mu?" ta ce. "Ba ku da aikin yi a can?"

"Akwai," ya ce.

"To sannu da ɓata man mota. Zakaran dai mun cinye shi tun bara, kada ka ce za ka gaishe shi."

"A ina za ka sauka?" Tluanga ya tambaya. Da ya ga Rohlua na inda-inda sai ya ce, "Gidanmu. Tsohuwata ba ta yafe wa wanda ya bar baƙo ya kwana a masauki. Shiga ka kama gaba, kafin 'yan makaranta su cinye wurin."

Mutum arba'in ne ko ƙasa da haka, a kan bencunan da aka aro daga zauren unguwa. Akwai 'yan makaranta, akwai ma'aikatan jinya biyu da ba su cire kayan aiki ba, da wani tsoho da ya zo don jikansa ne mai babbar jita, ya toshe kunne ɗaya da auduga. Ta taga ana hango fadamar shinkafa shimfiɗe har gindin tsaunukan da ke wancan ƙetaren. An makara da minti ashirin saboda wuta, sannan mai ganga ya buga sanduna sau huɗu suka shiga.

Ba kamar a waya ba ne. Ganga ta fi ƙarfi, katakon ƙasa na rawa a tafin ƙafa, jitar Tluanga na ɗan kaucewa yana dawo da ita da yatsa. Murar ta sa muryar Zorini ta yi ƙasa ta yi kaushi, kuma hakan ya fi. Ba ta rawa, ba ta rufe ido, tsaye take da hannu ɗaya a aljihu kamar mai jiran canji. Rohlua ya ji daɗi irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Waƙa biyu cur bai tuna da Pu Thangliana ba ko sau ɗaya, gaskiyar ke nan, ba sai an yi mata ado ba.

Ta uku ita ce wadda ya zo dominta, waƙar wani mutum da ke tsaye a kan gada yana ƙirga motocin da ba su tsaya ba. A waya an yanke ƙarshenta, batirin na'urar ne ya mutu ranar ɗauka, kuma shekara shida Rohlua bai san yadda take ƙarewa ba. Tluanga ya fara ta shi kaɗai, a hankali. Zorini ta matso ga makirufo ta rera layi na farko, ta rera na biyu.

Sai lasifikar unguwa ta yi kaki a waje.

Mai ganga ne ya fara tsayawa, ya dafe faifan ƙarfen da tafin hannu. Sauran suka bi. Kowa ya karkata kunne ga taga. Pi Dari ce, mai sayar da mazarƙwaila a bakin kasuwa, shekara tamanin da uku, yanzun nan a gidanta. Aka maimaita sunan, ƙararrawa ta fara.

Ba wanda ya ce a tashi. Tluanga ya zare wayar jita ya fara naɗe ta a gwiwar hannu. Mai ganga ya sa sanduna a aljihun baya. 'Yan kallo suka miƙe, biyu-biyu suna kama bakin bencunan da suke zaune a kai, don daga nan gidan makoki za su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Rohlua kaɗai ya rage a zaune, har wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kansa tana jiran ya ɗaga.

"Ku ƙarasa wannan ɗayar mana," ya ji bakinsa ya faɗa. "Minti uku ne fa. Na ƙarshe ne."

Ɗakin bai yi tsit ba, mutane dai suka rage motsi. Tluanga ya dube shi ta saman tabarau, ba da fushi ba, da son sani.

"A Aizawl haka kuke yi?"

Zorini ce ta fitar da Rohlua, ta tofar da cittar a takarda ta ce, "Baƙo ne, ya sha hanya. Kama wancan bakin bencin, ɗan'uwa, tsanin nan sai mutum biyu."

Gidan Pi Dari ɗaki biyu ne a kan dogayen ƙafafun katako. Kafin su iso an fitar da gado da kabad, an cire allon da ya raba ɗakunan. Aka jera bencuna, maza gefe, mata gefe, aka raba littattafan waƙa da gefunansu suka yi laushi don shan hannu. Mai gangar Ruahsur ya zauna ya rungumi babbar gangar fata, ya shiga bugun nan guda ɗaya mai nauyi da ba ya canzawa. Zorini ta shige cikin mata, layi na uku. Rohlua ya kafa mata ido, ya ga bakinta na motsi, ya baza kunne ya tsamo muryarta. Bai iya ba. Muryoyi sittin ne suka zama ɗaya, ta tsofaffi da ta 'yan mata, tata kuma ta narke a ciki kamar gishiri a miya.

Haushi ya ji, kuma ya san da wa yake. Da tsohuwar yake, wadda ta jira shekara tamanin da uku amma ta kasa ƙara minti uku. Ya san wannan tunani ba na mutumin kirki ba ne. Ya riƙe littafin a buɗe, bakinsa na bin waƙar da ya haddace tun yana ƙarami, yana kallon ƙafar gawar a lulluɓe da zane, har rana ta yi sanyi aka fara zagayawa da baƙin shayi.

Da yake bayan tara ta rasu, sai gobe za a binne. Ran Lahadi kuwa mota ba ta tashi daga Champhai, ko da kuɗinka. Ya kwana a gidan su Tluanga, a kan gadon Tluanga, mai gadon kuma a ƙasa.

Da gari ya waye ya tarar da Tluanga na sa takalmin roba.

"Koma ka kwanta," in ji mahaifiyar Tluanga daga madafa. "Ba a sa baƙo haƙa. In an jima ka ci abinci mu tafi coci."

Da ya bi maganarta da an rabu lafiya. Amma zama shi kaɗai a ɗaki da waya a kashe a ƙasan jaka ya fi ƙarfinsa. Ya ari tsohon wando ya bi Tluanga.

Maƙabartar na kan gangare, sama da gonakin inabi. Samari wajen talatin sun taru, an share ciyawa, an auna da sandar gora. Shugabansu Pu Biaka, malamin makaranta ne mai tumbi da fara'a, yana tsaye da lema a hammata yana ba da umarnin da ba wanda ke buƙata. Jar ƙasar sama ta tafi da sauri. A ƙafa uku suka ci karo da dutse, nan aiki ya tsaya. Yaran suna ta sara shi a tsakiya, diga na tsalle tana dawowa, wuta na tartsatsi.

Rohlua ya kalla har ya gaji. Shekara tara yana wannan aiki, a maƙabartar da dutsenta ya fi wannan taurin kai.

"Ba ni dagin nan," ya ce.

Ya dira ciki, ya share ƙasa da hannu, ya bi dutsen da yatsa har ya samu jijiyarsa, wani siririn layi da ke tafiya a karkace. Ya kafa bakin dagi a nan ya ce a buga. A bugu na biyar dutsen ya buɗe, falle ya ɗago kamar murfin tukunya. Samarin suka yi gunaguni na yabo.

Ka'idar haƙa ita ce ba ka jira mutum ya ce ya gaji. Kana ganin numfashinsa ya canza sai ka dira ka zare digar daga hannunsa, shi kuma ya saki. Sau uku aka diro don a karɓe shi, sau uku ya ƙi saki. Ya cire riga. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ƙotar ta yi santsi, ya goga a wando ya ci gaba. Yana sara yana jin wani sauƙi na saukar masa, irin na mai biyan abu a inda ba a bin sa. A ransa har ya fara lissafin cewa rami rami ne, ƙasa ɗaya ce, wanda ya haƙa a nan kamar ya haƙa a can ne.

'Yan mata suka hawo da butocin shayi da wainar shinkafa a ganyen ayaba. Zorini ta tsuguna a bakin ramin ta miƙo masa kofi.

"Kai kam da gaske kake komai," ta ce. "Sha, kafin mu haƙa na biyu."

Ya kurɓa. "Gobe fa, ba za ku ƙarasa waƙar ba? Ko da rana ne, ko a rumbun kawu."

"Mai ganga zai bi motar asuba. Ni kuma ban ko wanke kayana ba."

"To yaya take ƙarewa? Mutumin kan gadar."

Ta ɗan yi tunani, tana share hanci da gefen gyale. "Ya danganta da ranar. Wani lokaci mota ta tsaya, wani lokaci ya koma gida. Jiya ban riga na yanke ba." Ta karɓi kofin ta wuce ga na gaba.

Wajen tara da rabi rami ya kai. Rohlua na ciki shi kaɗai yana daidaita kusurwoyi da shebur, bakin ramin ya wuce kansa, abin da yake gani sama ne da takalman roba a jere. Nan Pu Biaka ya gyara murya. Mutum ne da ba ya barin taro ya watse bai yi jawabi ba.

"Samari, ku dubi ramin nan da kyau. Shekara goma sha biyu ina kan wannan aiki ban ga kusurwa irin wannan ba. Wa ya yi? Baƙo. Bai san Pi Dari ba, bai taɓa sayen mazarƙwailarta ba. Ana cewa samarin birni sun lalace, sun manta da hali irin na iyayenmu. To ga ɗan birni a cikin rami, ku kuma kuna sama kuna cin waina." Aka yi dariya. Ya leƙo. "Ɗana, wace unguwa ce taku a Aizawl?"

Rohlua ya yi kamar shebur ya hana shi ji. Tluanga ya faɗa a madadinsa, har da ƙarin cewa ai shi ne mataimakin shugaban samari a can.

"Unguwar Dinsanga ke nan," in ji Pu Biaka, fuskarsa ta washe. "Benci ɗaya muka zauna da shi a babban taro bara. Yaron kirki. Ina da lambarsa."

Rohlua ya sha jinin jikinsa. "Pu, ba sai ka kira ba. Yau Lahadi, yana coci."

"Ba a shiga ba tukuna. Kai dai kunya gare ka, na gani, wannan ma hali ne mai kyau. Amma yabon gwani ya zama dole. In unguwa ta haifi ɗa irinka, a gaya mata."

"Pu, don Allah."

"Ku ji shi," Pu Biaka ya ce wa samarin, yana latsa waya da babban yatsa. Ya buɗe muryar don kowa ya amfana, ya riƙe ta a kan ramin.

Ta yi ƙara sau huɗu. Da aka ɗauka, abin da ya fara fitowa bugun ganga ne, guda ɗaya mai nauyi, da muryoyi a bayansa. Sai ƙarar ta yi nisa, kamar mai wayar ya fita waje.

"Dinsanga, Biaka ne daga Champhai. Kana lafiya? Ba zan riƙe ka ba, na ji kuna da hidima. Godiya na kira in yi. Mataimakinka Rohlua yana nan wurinmu. Jiya ya zo, takanas tun daga Aizawl don ya ji kiɗan yaranmu, ka san 'yan jitar nan namu. Ana cikin wasa muka yi rashi. Mutumin nan bai ce shi baƙo ba ne, ya ɗauki benci, yau kuma tun safe yana cikin rami, ya fasa mana dutsen da ya gagari samari talatin. An yi an yi ya fito ya ƙi. Na ce sai na gaya maka da bakina."

Gangar na ta bugawa can nesa.

"Kiɗa ya je ji?" muryar Dinsanga ta dushe, amma a kwance take.

"Kiɗa mana. A layin gaba ya zauna, an ce har ya fi su sanin waƙoƙin."

"To." Ya yi numfashi. "Ramin ya yi kyau?"

"Kamar an yanka da wuƙa."

"Zai yi. Ya iya dutse. Babana ne ya koya masa."

"Ka ji ko," Pu Biaka ya ce wa samarin. "Daga gida ake samo ta. To ka gaishe mana da baba, ka ce masa Champhai ta gode, hannunsa ya iso har nan."

"Jiya muka binne shi, Pu. Da asuba ya rasu."

Pu Biaka malamin lissafi ne, bai ɗauki lokaci ba ya gane. Daga ƙasa Rohlua ya ga takalman robar sun daina motsi, wani ya ajiye kofinsa a kan ciyawa a hankali.

"Allah ya jiƙansa," in ji Pu Biaka daga bisani, da wata murya da ba ta jawabi ba. "Ban sani ba, ɗana. Ka yi haƙuri. Ga shi nan kusa, ko in ba shi?"

"A'a, Pu, ba sai ka ba shi ba. Ku gaishe da masu makoki."

Wayar ta katse. Ba wanda ya zagi Rohlua, mutanenmu ba sa yi, ba ma a gaban kabari ba. Pu Biaka ya sa wayar a aljihu ya ce a tattara kayan aiki, lokacin coci ya yi. Aka fara kwashe diga da shebur, 'yan mata suka haɗa kofuna. Wani ya sunkuyo ya karɓi shebur ɗin hannun Rohlua, wannan karon ya saki.

Ramin ƙafa shida ne, kuma shi da kansa ya gyare bangonsa sumul, babu inda ƙafa za ta kama. Ya tsaya da hannuwa a sake, suna zafi, yana kallon jar ƙasar da ke daidai idonsa. Kunya ce ta rufe shi, tsantsarta, ba tare da wani uzuri da ya rage ba.

An miƙo masa hannu, don a nan ba a barin mutum a rami ko wane ne shi. Ya kama, aka jawo shi. Kafin ya miƙe tsaye mai hannun ya juya ya bi sauran, bai ga ko waye ba.